Turaku Huɗu a Bakin Inna

Ranar da aka kafa wa Inna Maijidda turaku huɗu a dasashinta na ƙasa, 'ya'yanta maza biyu ne suka raka ta daga Daura zuwa Kano, kowa ya sha babbar riga kamar masu zuwa ɗaurin aure. Alhaji Ikrima, babban, fataucin shanu yake yi a kasuwar Mai'adua. Ƙaninsa Malam Hafizu kuwa shi ke da makarantar Islamiyya a unguwarsu. Haƙoran Inna na ƙasa duk sun zube, kuma irin na cirewa da sakawa sun ƙi zama, sai yawo suke yi mata a baki. Ita da kanta ta sa aka sayar da bijiminta na kiwo, aka gama da asibiti tun kafin a fara aiki.

Likita Murjanatu ta cire safar hannu ta ce, "Inna, waɗannan turakun na wani ƙarfe ne da ake kira taitaniyam. Ba ya tsatsa, jiki kuma ba ya ƙin sa. Za mu bari ƙashi ya riƙe su kamar yadda ƙasa ke riƙe saiwa. Ki dawo kafin azumi mu ɗora haƙoran a kansu. Kada a wuce lokacin."

Sai ta jawo wani ɗan faranti. "Ga abin da ake yin haƙoran da shi. Wannan fari ƙal, mai kama da tangaran, sunansa zarkoniya, ƙarfi gare shi kamar dutse. Wannan roba ce mai tauri da ake ɗorawa kan siririn ƙarfe, ba ta da nauyi. Akwai kuma masu son a yi musu da zinariya."

Ikrima ya ɗauki na zinariyar ya juya shi a hasken fitila, idanunsa na ƙyalli. Hafizu ya yi gyaran murya. Ita kuwa Inna bakinta cike yake da auduga, sai ta ɗaga hannu tana nuna farantin. Babu wanda ya dubi hannun.

"Za mu yi shawara a gida," in ji Ikrima.

Aka ba ta wasu haƙoran roba na wucin gadi, aka ja mata kunne kada ta tauna abu mai tauri da su. Inna ta yi biyayya iyakar ƙoƙarinta, har ranar da maƙwabciyarta Shatu ta soya ƙuli-ƙuli, ƙamshi ya tsallako katanga. Cizo ɗaya ta yi, aka ji ƙas! Ƙuli-ƙulin yana nan lafiya lau. Haƙoran ne suka rabe biyu.

"To, ai shi ke nan," ta ce da 'ya'yanta da suka shigo gaishe ta bayan la'asar. "Dama lokaci ya kusa. Sai ku mai da ni Kano."

Ikrima ya gyara zama a kan tabarma. "Ai magana ta ƙare, Inna. Zinariya za a sa. Uwar Alhaji Ikrima guda ba za ta yi murmushi da roba ba. Roba fa! Abin da ake yin buta da shi. Uwar Alhaji Sada ma da bai kai ni shanu ba, haƙorin Makka biyu gare ta. Ke jere guda za a yi miki, in kika yi dariya a Daura a hango a Kongwalam, can bakin iyaka."

"Subhanallahi," in ji Hafizu. "Yaya, wannan almubazzaranci ne da riya. Zinariya ta halatta ga mata, ban musa ba. Amma ka yi tunanin gaba? Ranar da ta Allah ta kasance, zinariyar nan dukiya ce, haƙƙin magada ce. Ba za a binne ta ba. Sai an ciro."

"A ciro mana. Ai da noti aka ɗaure, kwancewa za a yi."

"Wa zai kwance? Masu wanka? Da wace sukudireba?"

"A kira mai gyaran agogo."

"Namiji? A kan gawar mace?"

Inna tana zaune tsakaninsu tana bin bakin kowa da kallo. Ba ta kama sunan ɗan fari, don haka ta ce, "Alhaji, ni fa ban mutu ba tukuna."

"Allah Ya ja kwana, Inna, ai misali muke yi," in ji Ikrima. Ya juya ga ƙaninsa. "To kai me kake so a sa?"

"Farin nan ya fi kama da halittar Ubangiji. Sai dai an turo mini wani saƙo a waya cewa da ƙashin matattu ake yin sa, wasu ma sun ce na alade. Sai na bincika."

"Likita ta ce daga wata irin ƙasa ake samo shi, kamar tangaran," in ji Inna.

"Likita ta karanta haƙori, Inna, ba ta karanta fiƙihu ba. Bari malaminmu ya dawo daga umara."

Aka tashi a kan haka. Malamin ya dawo daga umara da mura, Hafizu ya ce bai kyautu a dame shi da tambaya ba. Da ya warke kuma sai ya ce zai duba littattafai. Shi kuwa Ikrima ya ce zinariyar Kano gauraye ce, sai an kawo ta Makka, ga wani abokinsa nan zai tafi aikin hajji. Ana cikin haka aka ga wata.

Azumin bana ya zo wa Inna da sabon salo. A da, ita ce ke fara kai hannu ga dabino da ƙosai mai zafi. Yanzu sai Fadila, matar Ikrima, ta jiƙa mata dabino a kofi ta murje, ta dama kunu, ta farfasa ƙosai a ciki har ya zama kamar abin yaye. Da asuba koko. Da magariba kunu. In an so a canza mata, sai a yi fate-fate.

"Ni da jaririn gidan nan kwanonmu ɗaya," take cewa Fadila. "Shi dai yana da sa rai, nasa na nan tafe."

Fadila ta yi dariya, sannan ta sunkuyar da kai. Ta taɓa yi wa mijinta maganar sau ɗaya, ya ce mata tsakanin ɗa da uwa ba a shiga.

Magana ma ta fara gagarar Inna. Leɓenta na ƙasa ya lotsa ciki, in ta ce "sannu" sai iska ta kuɓuce kamar usur. Jikoki suka mai da abin wasa, su zo su ce, "Inna, ce sassafe." Tun tana biye musu har ta daina. Wata rana tana sallar walaha a ƙofar ɗaki, tana karatu a ɗan bayyane, Hafizu ya zo wucewa ya tsaya. Da ta sallame ya durƙusa cikin ladabi.

"Inna, a yi mini afuwa. Na ji sinun nan taki tana fita kamar shinun. Mustaƙim kike son cewa, amma mushtaƙim ake ji. Ana dafa kan harshe ne a bayan haƙoran ƙasa."

Inna ta dube shi. Sannan ta sa yatsa ta ja leɓenta ƙasa, kawunan turaku huɗu suka bayyana a jan dasashi.

"Nuna mini su, Malam, in dafa."

Hafizu ya kau da kai. "Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, Inna. An yi miki rangwame." Ya miƙe ya shige sashensa.

Da ƙaramar sallah Inna ba ta je gidan kowa ba. Matar da in ta shiga gidan biki ake gane ta iso tun daga zaure saboda dariyarta, yanzu in baƙi sun zo sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta amsa gaisuwa da kai. Aka fara cewa Inna Maijidda ta zama mai zurfin ibada. Hafizu ya ji daɗin wannan labari ƙwarai.

Damina ta sauka. Awarwaron hannun Inna ya fara silalowa har ya faɗo cikin ƙwarya in tana wanke-wanke. Zanen da take ɗaurawa daidai, yanzu sai ta ƙara masa zagaye. In ta miƙe da sauri sai tsakar gida ta juya mata. Ta samu Ikrima yana shirin fita ran Lahadi, mota na jiransa a waje.

"Alhaji, ko ka kai ni a sa mini ko wanne ne. Ni dai in tauna."

"Haba Inna! An yi haƙurin mai yawa, kaɗan ya rage. Alhazai sun kusa tashi. So kike a yi abin da za a zo ana da-na-sani? Ni fa mutuncinki nake karewa."

"Mutuncin nan da kunu yake rayuwa."

"Zan sa a kawo miki madara ta gwangwani. Katan guda."

Aka kawo madarar kuwa, har da ɗan lebura ya sauke ta a ƙofar gida, don maƙwabta su shaida.

Ta samu Hafizu. Ya ce malaminsu ya gano maganganu biyu a kan mas'alar, yanzu ana neman wadda ta fi rinjaye.

"To ku bar ni in tafi da kaina. Ai ba a sama Kano take ba."

"Inna! Ba muharrami? Ni da nake karantar da matan unguwa hukuncin tafiya, a ga mahaifiyata a tasha ita kaɗai? Me zan ce wa ɗalibai?"

Da Ikrima ya ji, a wannan karon bakinsu ya zo ɗaya da ƙaninsa. "A ce ba ki haifa ba? Kina da mu a gari ki hau motar haya? Wallahi ba za a yi wannan abin kunya da ni ba."

Tun da aka fara rigimar, wannan ne kaɗai abin da suka yarda da shi su biyun.

Babbar sallah ta zo. Ikrima ya kayar da sa, Hafizu ya yanka rago. Gida ya kaure da hayaƙi da ƙamshin suya, yara na yawo da maiƙo har gwiwar hannu. Ikrima da kansa ya cika kwano da tsoka zalla, ya kawo gaban mahaifiyarsa a gaban baƙinsa, ya ce, "Rabon Inna ke nan. Ba mai taɓa nama a gidan nan sai ta sa albarka." Baƙi suka yi ta cewa Allah Ya ba mu 'ya'ya irin wannan.

Inna ta sa albarka. Da aka watse ta ɗauki tsoka ɗaya ta sa a baki ta tsotse romon, ta fito da ita ta ajiye. Ta ɗauki ta biyu. A ta uku zuciya ta ɗebe ta, ta danna da dasashi. Wani zafi ya soke ta tun daga haɓa har cikin kunne. Ta tofar, sai ga jini da ruwa-ruwa.

Kashegari kuncinta na hagu ya kumbura kamar ta ɓoye goro. Hafizu ya aiko da rubutu da man habbatus sauda. Ikrima ya leƙo ya ce, "Kin gani ko? Ƙarfen Nasara ne. Da zinariya ce tun daga tushe da ba a yi haka ba." Babu wanda ya ambaci Kano.

Shatu ce ta shigo da hantsi kawo mata naman sallah. Bazawara ce mai sayar da atamfa, takan je Kantin Kwari saro kaya, kuma tun suna amare suke ƙawance. Ta ajiye kwano, ta janye mayafin da Inna ta rufe fuska da shi, ta yi salati.

"Maijidda! Ke ce kika koma haka? Wuya kamar na zabuwa!"

"Ana jiran alhazai," in ji Inna da ƙyar. "Ana kuma jiran maganar da ta fi rinjaye."

"Bakin wa?"

"Nawa."

"Bijimin wa aka sayar?"

"Nawa."

"To mai nama shi ke neman wuta. Jibi zan shiga Kano. 'Yata Ikilima na aure a can, ɗaki gare ta har biyu."

"Malam ya ce sai da muharrami."

"Direban motar da nake hawa Hussaini ne, ɗan wanki Badaru. Ko shi ma sai an duba littafi?"

Inna ta yi dariya, dariyar ta ja mata zafi, ta dafe kunci, amma ba ta daina ba.

Ran tafiya, bayan maza sun fita, ta ɗaure kayanta a ɗankwali. Fadila ta gan ta. Sai ta koma ɗaki ta fito da gorar kunu ta miƙa mata, ta ce, "Ni ina madafa, Inna. Ban ga komai ba." Suka bi ta Kazaure, Inna na gidan gaba, Hussaini na kauce wa ramuka saboda kuncin gwaggonsa.

Likita Murjanatu ta ɗauki hoton muƙamuƙin, ta duba shi da kyau.

"Inna, me ya hana ki dawowa?"

"Shawara ake yi a gida."

Likitar ta sauke numfashi. "Turke ɗaya ya ruɓe a gindi. Ƙwayar cuta ta ci ƙashin da ke riƙe da shi, dole in cire shi yau. Da an kawo ki a kan lokaci, ko da sau ɗaya ne don a duba, da mun tare abin. Kuma ƙashin wurin ya zaizaye, ba zai karɓi wani ba yanzu."

"To sauran ukun fa?"

"Suna nan daram. Amma ba zan ɗora musu jeren farin nan mai nauyi ba, balle zinariya. Abin da zai yiwu shi ne na roba, mai ƙarfe a ciki, da 'yan maɓallai a ƙasa da za su kama turakun. Zai zauna ba motsi. Sai dai kullum za ki ɓalle shi ki wanke. Da farko na so in yi miki wanda ba a cirewa."

"Yana tauna nama?"

"Yana taunawa."

"Sa mini."

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Sai da kumburi ya saɓe, wurin ya warke, aka auna baki, aka gwada, aka rage nan aka ƙara can. Duk tsawon lokacin Inna na gidan Ikilima. Wayar Shatu kuwa ba ta huta ba. Ikrima ya kira ya ce an tozarta shi a idon duniya. Hafizu ya kira ya ce yana neman mata gafara. Kowannensu ya ce gobe zai zo ya ɗauke ta, kowannensu kuma ya jira ɗan'uwansa ya fara.

Inna ta dawo Daura da yamma, a motar Hussaini. Ta tarar da su biyun a tsakar gida, fuska a murtuke, kowa ya shirya jawabinsa. Ta zauna a kan kujerarta 'yar tsuguno, ta kwance ƙullin takarda, sai ga tsiren da ta saya a tasha, da yaji da albasa.

"Inna, abin da kika yi mana..." Ikrima ya fara.

Ta ɗaga masa hannu. Ta ɗauki tsinke ta zare tsoka da haƙoranta, ta shiga tauna a hankali, idanunta a lumshe. Suka tsaya suna kallo. Ta cinye tsinke ɗaya ta ɗauki na biyu. Sai da ta gama tas, ta sha ruwa, ta yi hamdala ta ƙara da subhanallahi, sinun ɗinta na fita garau.

"Wanne aka sa?" in ji Hafizu a hankali.

"Na buta."

Ikrima ya dafe kai.

"Huɗu aka kafa mini," ta ce. "Uku na dawo da su. Ɗayan ku kuka cinye, kai da ƙanenka, kuma ko tauna ba ku yi ba. Ban yi fushi ba. Ku tashi, an kira magariba."

Suka tashi. Abin mamaki, kunyar ba ta kwana biyu a jikinsu ba. Kafin mako ya zagayo, Ikrima na gaya wa abokansa a karar shanu cewa haƙoran mahaifiyarsa daga Jamus aka yo odarsu, irin da ba a samu ko a Makka. Hafizu kuma ya yi wa matan Islamiyya darasi guda a kan kula da iyaye idan sun tsufa, har ya kawo misali da wata baiwar Allah da 'ya'yanta suka tsaya tsayin daka sai da aka gyara mata baki. Mata suka yi ta share ƙwalla.

Irin wannan zalunci ba shi da kotu. Babu wanda ya daki Inna, babu wanda ya zage ta, ba a taɓa shiga ɗakinta ba sallama ba. Kullum da safe sai an durƙusa an gaishe ta. Da alƙali zai tambaya, shaidu za su cika zaure su rantse ba a taɓa ganin 'ya'ya masu biyayya kamar nata ba. Ɗaya ya so a ga arzikinsa a bakinta, ɗaya ya so a ga iliminsa, ita kuwa tuwo da nama kawai take so ta ci. A gidaje da yawa akwai tsohuwa irinta a ƙuryar ɗaki, ana girmama ta har ta rame.

Inna ta murmure. Kumatu suka dawo, dariya ta dawo, gidajen biki suka sake jin ta tun daga zaure. Da kaka ta yi, wata safiya tana tsince shinkafa a faifai sai ta lura tsakuwa da ƙwaya sun zama ɗaya a idonta na dama, kamar an shafa masa man shanu. Ta rufe na hagu ta gwada, ta buɗe. Daidai lokacin 'ya'yanta suka shigo gaisuwa.

"Inna, an tashi lafiya? Babu inda ke ciwo?"

"Lafiya lau," ta ce. "Ko'ina garau."

Ta jira har ƙarar takalmansu ta ɓace a zaure. Sannan ta ajiye faifan, ta taka zuwa gindin katanga, ta rage murya.

"Shatu! Yaushe za ki shiga Kano?"